Mene ne baƙin barkwanci a fim ɗin soyayya?

Masu sharhin fina-finan Turai da Amurka kan kira wani fim da "dark romantic comedy". Da Hausa, fim ne na soyayya mai ban dariya, sai dai dariyar ana tatso ta ne daga abin da ya kamata ya sa kuka: kaɗaici, rabuwar aure, mutuwa, taɓin hankali. Baƙin da ake nufi a nan irin na baƙin ciki ne. Marubucin Faransa André Breton ne ya yaɗa sunan, da ya tattara irin wannan raha a littafi a 1940 ya kira ta baƙin barkwanci.

Galibin waɗannan fina-finai masu zaman kansu ne, wato ba manyan kamfanonin Holiwud ke zuba musu kuɗi ba. Wanda ya kashe maƙudan miliyoyin daloli yana son kowa ya fito daga silima da murmushi, don haka dole saurayi ya sami budurwarsa a ƙarshe. Mai ƙaramin jari ba shi da wannan takunkumi. Yana iya barin masoya cikin ruɗani, ya kai fim ɗinsa bikin Sundance a Amurka ko na Cannes a Faransa, masu son irinsa su neme shi.

Misalin da ya fi zama mini a rai shi ne The Lobster na 2015, wanda ɗan Girka Yorgos Lanthimos ya ba da umarni, aka ɗauka a ƙasar Ailan, ya kuma ci kyautar alƙalai a Cannes. A duniyar fim ɗin rashin abokin zama laifi ne. Duk wanda ba shi da mata ko miji sai a kai shi wani otal, a ba shi kwana 45 ya sami wanda za su daidaita, in ya kasa a mayar da shi dabbar da ya zaɓa. David, wanda Colin Farrell ya fito a matsayinsa, matarsa ta bar shi, ya iso otal ɗin riƙe da kare. Wannan kare kuwa ɗan'uwansa ne, wanda ya riga shi zuwa bai dace ba, aka mayar da shi kare. Ba wanda ke murmushi yayin da ake faɗin wannan, kuma a nan dariyar take.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne na wani gurgu da ya ga yarinya mai yawan haɓo, sai ya riƙa buga hancinsa a ɓoye har jini ya zubo, don a ce sun dace da juna. Za ka yi dariya, kafin ka rufe baki ka tuna mutum nawa ka sani da suka ƙirƙiri halin da ba nasu ba saboda tsoron zama su kaɗai. A ganina wannan ne ke jan mutane zuwa irin waɗannan fina-finai. Suna faɗin gaskiyar da fim ɗin soyayya na yau da kullum ke ɓoyewa, cewa wani lokaci matsin jama'a ne ke kai mutum ga aure kafin zuciyarsa ta kai.

Bahaushe ya san wannan raha. A tashen watan azumi akwai wasan gwauro, inda ake zagaya gari da marar mata ana yi masa waƙa ana shewa, kowa na dariya, shi kuwa ya san abin da ke ransa. David ma gwauro ne.

Daga baya ya tsere daji wurin masu ƙin aure, inda soyayya ce haramun, kuma can ya kamu da son wata mace mai raunin gani irin nasa. Da aka makantar da ita, sai ya shiga banɗakin wani gidan abinci da wuƙa a hannu don ya makantar da kansa su zama ɗaya. Fim ɗin ya ƙare tana zaune a teburi tana jiransa, ba a nuna ko ya aikata ba.