Waiwaye: Ƙarancin Bitamin da Abin da Muke Kira Gigin Tsufa

Idan dattijo ya fara mance inda ya ajiye carbinsa, ko ya maimaita tambaya ɗaya sau uku a zama guda, abin da ake cewa a gidajenmu bai wuce "gigin tsufa ne, sai haƙuri" ba. Sau da yawa haka ɗin ne. Sai dai tarihin likitanci ya sha nuna ruɗewar da aka ɗauka ba ta da magani, ashe wani ɗan sinadari ne abinci ya rasa.

A shekarar 1912 Casimir Funk ya laƙaba wa waɗannan sinadarai sunan bitamin. A daidai lokacin wata cuta mai suna pelagra tana cin talakawan jihohin kudu na ƙasar Amurka da ba su da abinci sai masara. Fata ta yi baƙi ta saɓule, gudawa ta biyo baya, daga nan mutum ya ruɗe har a kai shi asibitin masu taɓin hankali. An yi zaton annoba ce mai yaɗuwa. Daga 1914 likita Joseph Goldberger ya dage cewa matsalar abinci ce, kuma a 1937 aka tabbatar niyasin ne, wato bitamin B3, ya yi ƙaranci. Wannan labari ya shafe mu, don Kaduna na cikin jihohin da suka fi noman masara, kuma gidaje da yawa tuwonta ne dare, ɗumamensa ne safe. Gyaɗa da wake da ɗan kifin da ake jefawa a miya su ne ke cike wannan giɓi.

Wanda ya fi taɓa tsofaffi kuwa shi ne B12. A 1926 George Minot da William Murphy suka gano cewa ciyar da hanta mai yawa na tayar da masu wani irin ƙarancin jini da a da ba a tashi daga shi. Ba a ware sinadarin ba sai 1948. Nama, hanta, kifi, ƙwai da nono ne ke ɗauke da shi, babu shi a gero ko dawa ko masara. Kuma ko an ci, cikin tsoho ba ya tsotse shi yadda na matashi ke yi. Maganin ciwon suga na metformin da na olsa irin su omeprazole, idan an daɗe ana sha, suna ƙara rage shi. Alamunsa sagewar ƙafa da hannu, tangaɗi a tafiya, kasala, mantuwa.

A leƙa ɗakin tsohuwa a Tudun Wada ko Rigasa a ga abin da ake kai mata: koko da safe, shayi da burodi, tuwo mai laushi da dare. Haƙora sun zube, tsokar naman da aka sa mata sai ta miƙa wa jika. Kowa na ganin an kula da ita, kuma da zuciya ɗaya ake yi, amma wata da watanni babu abin dabba da ya shiga cikinta.

Nasarar da duniya ta samu a wannan yaƙi ta hanyar abincin kowa da kowa ta zo. Suwizalan ta fara sa ayodin a gishiri a 1922 don kawar da maƙoƙo, sannan aka fahimci rashinsa na daƙile ƙwaƙwalwar yaro tun yana ciki. Najeriya ta wajabta gishiri mai ayodin a 1993. A 2002 kuma aka wajabta ƙara bitamin A a fulawa da sukari da man girki, shi ya sa ake ganin tambarin ido a jikin buhu da galan. Kafin nan binciken Alfred Sommer a Indonesiya a shekarun 1980 ya nuna wannan bitamin, ban da hana dundumi, yana rage mutuwar yara. Amma man da ake aunawa a kwalba a kasuwa, da garin da aka kai inji aka niƙo, ba lallai ne wannan ƙari ya same su ba.

Kusan duk wannan ƙoƙari kan yara da masu juna biyu ya tsaya, kuma sun cancanta. Tsoho ne aka bari da kyamis, inda ake sayar masa da ƙwayoyin "ƙarin ƙwaƙwalwa". Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta mutum fiye da miliyan 55 ne ke fama da cutar mantuwa, ta faɗa a 2019 cewa kada a dogara da ƙwayar bitamin B ko E ko ta haɗin gambiza don kare wannan cuta. Bitamin na gyara wanda ya rasa shi ne. A 2024 kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 da ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, rashin motsa jiki, kaɗaici, raunin ji da raunin gani. Tsohon da ya daina ji sosai yakan janye daga majalisa, hira ta ragu, ƙwaƙwalwa ta rasa abin yi. Abin takaici ne a bar shi haka a Kaduna, garin da ke da Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa.

Don haka idan mantuwar iyaye ta zo tare da sagewar ƙafa ko fari-farin ido, kafin a yanke hukuncin tsufa a kai su asibiti, a nemi gwajin jini har da na B12, a kuma faɗa wa likita duk magungunan da suke sha. Idan ƙarancin ne, allura ko ƙwaya na gyara shi, amma jijiyar da ta daɗe da lalacewa ba kullum take dawowa daidai ba.