Bindigar Kafaɗa Mai Cin Harsashin Fistol: Tambayoyi Kan Farashi, Sauƙin Ɗauka da Amfani

Wace irin bindiga ce wannan, kuma me ya sa ta samu kasuwa a Amurka?

Bindiga ce da ake ɗorawa a kafaɗa kamar sauran dogayen bindigogi, amma harsashin da take ci na fistol ne, galibi mai girman milimita 9. Dabarar ta daɗe, domin tun a ƙarni na 19 makiyayan yammacin Amurka kan riƙe Winchester ƙirar 1873 tare da fistol ɗin Colt, dukansu biyu suna cin harsashin .44-40, don kada mutum ya riƙa yawo da harsashi iri biyu. Abin da ya farfaɗo da ita a yau shi ne arahar harsashin milimita 9 da kuma gasar harbi, musamman bayan ƙungiyar USPSA, mai shirya gasar harbi a Amurka, ta buɗe mata rukuni nata na kanta. Galibin waɗanda ake sayarwa bututunsu ya kai inci 16 ko ya ɗara kaɗan, saboda a ƙarƙashin dokar tarayya ta 1934, bindigar kafaɗa da bututunta bai kai haka ba sai an yi mata rajista ta musamman.

Yaya farashinsu yake?

Tazarar tana da faɗi. A can ƙasa akwai Hi-Point 995 da ake ƙerawa a jihar Ohio, wadda akan samu a kan dala 300 da 'yan kai. Ba ta da kyan gani, gidan harsashinta na asali guda 10 kawai yake ɗauka, amma tana aiki, kuma kamfanin ya ɗauki alkawarin gyara ta muddin tana nan. Kel-Tec SUB-2000 tana wajen dala 500. Ruger PC Carbine ta fito a ƙarshen 2017 a kan dala 649, Smith & Wesson M&P FPC kuma ta fito a 2023 a kan kusan wannan kuɗin. Daga nan sai CZ Scorpion ta ƙasar Cek da ke wajen dala 1,000, sannan SIG MPX da ke doshin dala 2,000.

Sai dai kuɗin da aka rubuta a jikin bindiga ba shi ne ƙarshen lissafi ba. Ruger tana zuwa da wani ƙarfe da ake sauyawa domin ta karɓi gidan harsashin fistol ɗin Glock, ana kuma samun SUB-2000 da aka ƙera don shi, yayin da FPC ke amfani da na fistol ɗin M&P. Wanda yake da ɗaya daga cikin waɗannan fistol ɗin ya riga ya rage wa kansa kashe kuɗi, alhali mai sayen Scorpion dole ne ya sayi nata na musamman tun daga farko. A ganina wannan batu ya fi bambancin dala 100 tsakanin bindiga biyu muhimmanci.

Wacce ta fi sauƙin ɗauka?

A nan SUB-2000 ce ke gaba, kuma da tazara. Nauyinta bai cika kilo 2 ba, tana kuma naɗewa gida biyu, bututun ya kifo ta sama ya kwanta a kan gindin, ta dawo tsawon kusan santimita 41, yadda za ta shiga jakar goyo ba tare da wahala ba. Amma sauƙin nan biyansa ake yi. Kuncin mai harbi a kan zallan ƙarfe yake kwanciya, wanda a cikinsa ne sassan bindigar ke kai da komo, don haka kowane harbi sai ya ji shi a fuska. Tsofaffin ƙirarta kuma ba sa naɗewa idan an ɗora musu madubin saiti, matsalar da aka daɗe ana kuka da ita kafin kamfanin ya fito da ƙira ta uku a 2024, wadda gabanta yake juyawa gefe kafin a naɗe.

FPC ta kauce wa wannan matsala tun daga farko, domin ta gefe take naɗewa, madubin yana nan a inda aka saita shi, gindinta kuma yana da mazaunin gidajen harsashi biyu na ko-ta-kwana. Nauyinta ya ɗan haura kilo 2. Ruger ba ta naɗewa, rabuwa take yi gida biyu idan aka murɗa bututun, kuma ta kai kilo 3. Hi-Point ba ta naɗewa, ba ta rabuwa.

Tunda harsashin fistol ne, ai ba za ta bugi kafaɗa ba ko?

Tana bugu fiye da yadda mutane suke zato. Yawancin masu araha an gina su ne a kan tsari mafi sauƙi, inda babu abin da ke riƙe bayan harsashi a lokacin da albarushi ya tashi sai nauyin wani curin ƙarfe da ƙarfin waya mai tankiya. Wannan curi mai nauyi ne ke tafiya baya ya dawo da ƙarfi, shi ne kuma ke girgiza bindigar. Ruger ta sa wani nauyi na ƙarfen tangistin a cikin nata domin ya rage girgizar. MPX kuwa da iskar albarushi take aiki kamar bindigogin soja, shi ya sa take da laushi a hannu, kuma wannan na daga cikin abin da mai sayenta yake biyan kuɗi masu yawa a kansa.

Shin dogon bututu yana mai da ita daidai da babbar bindiga?

A'a. Harsashin milimita 9 kan fita daga fistol da gudun kusan mita 350 a daƙiƙa, dogon bututu kuma ya ɗaga shi zuwa wajen mita 400, domin albarushinsa kaɗan ne kuma yana ƙonewa da wuri. Harsashin milimita 5.56 na babbar bindigar AR-15 yana haura mita 900 a daƙiƙa, ƙarfinsa kuma ya kai ninki uku. Ribar gaskiya tana wajen saiti: bindigar da aka tokare da kafaɗa, aka riƙe da hannu biyu, aka ɗora mata kunci, ta fi fistol sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba, har wanda bai ƙware ba zai iya samun abin da ya auna a mita 50. Bayan mita 100 harsashin yakan fara faɗuwa sosai. Don haka ta dace da koyon harbi, da gasa, da tsaron gida a inda doka ta yarda, amma ba ta dace da farautar manyan namun daji ba, in ban da irin na kamfanonin Henry da Marlin masu cin .357 Magnum, harsashin da dogon bututu ke ƙara wa ƙarfi ƙwarai har ana harbin barewa da shi daga kusa.

To wacce ya kamata mai saye a Amurka ya zaɓa?

Wanda bindigarsa za ta fi zama a jaka fiye da yadda za ta yi aiki, SUB-2000 ko FPC ce tasa. Wanda zai riƙa zuwa filin harbi a kai a kai, Ruger ta fi dacewa da shi, domin nauyin da ke gajiyar da shi a hanya shi ne ke zaunar masa da bindigar a lokacin harbi. MPX ta 'yan gasa ce da ke lissafin daƙiƙa.

Ana iya mallakar irinta a Najeriya?

Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da bindigogin soja masu cin milimita 9 a jerin haramtattun makamai, waɗanda ba a mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma shigo da bindiga ko harsashi ba tare da izini ba laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa.