Dokar Turai Kan Sare Dazuka: An Ɗage Ta, Ba a Soke Ta Ba

Tun da Tarayyar Turai ta sake ɗage fara aiki da dokarta ta hana sayar da kayan da aka noma a filin da aka sare daji, maganganu biyu ke yawo. Wasu na cewa dokar ta mutu, kowa ya ci gaba da harkarsa. Wasu kuma na tsorata ƙananan manoma cewa tara na jiransu. Duk biyun ba haka ba ne.

An zartar da dokar, wadda ake kira EUDR, a 2023. Ta shafi koko, kofi, manja, roba, waken suya, katako da shanu, da abubuwan da aka sarrafa daga gare su. Da farko an tsara ta fara aiki ranar 30 ga Disamba 2024, sai aka ƙara shekara guda. Bayan ƙari na biyu, manya da matsakaitan kamfanoni za su fara ranar 30 ga Disamba 2026, ƙanana kuma ranar 30 ga Yuni 2027.

Dalilin ɗagewar, aiki ne ya yi wa hukumar Tarayyar yawa. Mai shigo da kaya dole ya miƙa takardar shaida ta intanet, tare da bayanin ainihin wurin da gonar take a taswira. A watan Satumba 2025, kwamishinar muhalli ta Tarayyar, Jessika Roswall, ta ce tsarin kwamfutar da zai karɓi waɗannan takardu ba lallai ya ɗauki nauyin ba. Akwai kuma matsin lambar 'yan kasuwa da ƙasashen da ke noma kayan, kada a ɗora wa na'ura laifin duka.

Dokar ma ta san jami'ai ba za su iya duba kowa ba, shi ya sa ta raba ƙasashe rukuni uku gwargwadon haɗarin sare daji. Kayan ƙasa mai ƙaramin haɗari, za a binciki kashi 1 cikin ɗari na masu shigo da su. Matsakaicin haɗari kashi 3. Babban haɗari kashi 9. A jerin da aka fitar a Mayu 2025, ƙasashe huɗu kacal suka faɗa rukunin babban haɗari: Rasha, Belarus, Koriya ta Arewa da Myanmar. Brazil da Indonesiya suna matsakaici. Rage aiki ne, babu shakka, amma duk wanda ya san inda ake sare daji a duniya sai ya yi mamakin wannan jeri.

Abin da masu cewa ta mutu suke mantawa shi ne rana ɗaya da ba ta motsa ba: 31 ga Disamba 2020. Duk filin da aka sare dajinsa bayan wannan rana, amfaninsa ba zai shiga kasuwar Turai ba da zarar dokar ta fara aiki. Wanda ya share daji bana yana ganin an ba shi rata, gonarsa ta riga ta fita.

Batun tara kuwa, an fi ruɗewa a kan kashi 4 cikin ɗari. Ba wai kowane mai laifi zai biya haka ba. Dokar cewa ta yi, iyakar tarar da kowace ƙasa za ta tanada kada ta gaza kashi 4 na cinikin kamfani na shekara a faɗin Tarayyar. Ana kuma iya ƙwace kayan, ko a hana kamfanin kwangilar gwamnati har tsawon wata 12. Kamfanin da ya kai kaya kasuwar Turai ake hukuntawa, ba manomin ƙasar waje ba.

Sai dai manomin na da tasa tarar da ba a rubuta ba. Dillalin da ke tsoron kashi 4 ba zai sayi buhun da ba a san gonarsa ba. Hukumar Tarayyar Turai da ke Brussels ta ce aiki ya yi mata yawa, ta samu ƙarin shekara biyu. Mai gonar eka biyu kuwa, wanda ba shi da waya mai taswira balle takardar fili, shi ma shekara biyun aka ba shi, amma kuɗin auna gonar bai tabbata wa zai biya ba.