Waiwaye: Tun yaushe karatu ya zama abin da ake gamawa?

Kwanan nan duk inda ka leƙa a Facebook rigimar ɗaya ce, digiri ko sana'a. Wannan ya ce boko ɓata lokaci ne tunda ga masu digiri nan suna tuƙa adaidaita, wancan ya ce ai ko gyaran waya za ka yi sai da ilimi, a yi ta musu har tsakar dare. Ni abin da ke ɗaure min kai shi ne duk ɓangarorin biyu sun yarda da abu ɗaya ba su ma lura ba, wai karatu abu ne da ake gamawa. "Na gama karatu", haka muke cewa, a karɓi kwali a yi walima a jefa littattafai ƙarƙashin gado. To wannan tunanin fa ba jiya ya same mu ba.

A da can ba haka muka san karatu ba. A makarantar zaure za ka ga dattijo da furfurarsa yana ɗaukar darasi bayan asuba, babu wanda ya taɓa sa masa ranar gamawa, shi ya sa ake cewa gemu ba ya hana ilimi. Nana Asma'u da ta rasu a 1864 ta naɗa jajoji, wato mata masu jagorantar karantarwa, ta ba su malfa, suna kai waƙoƙin karantarwa ga 'yan taru, wato matan da ke taruwa ɗaukar karatu a ƙauyuka, kuma akasarinsu manyan mata ne. Da boko ya zo, makarantar Baturen nan Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909 da Kwalejin Katsina a 1922, abin da aka fi nema shi ne malamai da akawuna, wato karatu mai ƙarewa da samun aiki. Wannan kowa ya sani, ba sai na ja shi ba.

Inda nake so a tsaya shi ne shekarun 1950, zamanin Yaƙi da Jahilci, shirin gwamnatin Arewa na koya wa manya karatu da rubutu, wanda sunan Malam Ahmadu Coomassie ke fitowa duk lokacin da aka yi zancensa. Mutanen da suka tsara wannan aikin sun gane wani abu da mu yanzu muka manta, koya wa babban mutum baƙaƙe shi ne ƙaramin aikin, babban aikin shi ne ya samu abin da zai ci gaba da karantawa bayan an tashi aji. Shi ya sa aka kafa hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, a Zariya, kusa da kamfanin Gaskiya, aikinta ta buga ƙananan littattafai masu arha ta kai su har kasuwannin ƙauye, na noma, na kiwon lafiya, na labarai da waƙoƙi, kuma ba da Hausa kaɗai ba, har da Fulatanci da Barbarci da Tibi. Larduna kuma aka yi musu jaridunsu, Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauchi, Albishir a Borno. Ka ga manomi ya buɗe takarda ya ga sunan gundumarsu a ciki, ai dole ya dage ya haɗa baƙin.

Kakana na wajen uwa yana cikin waɗanda suka shiga ajin, lokacin yana da mata biyu da 'ya'ya. Tun ina yaro yake ba ni labarin yadda suke zama gindin ɗurumi bayan la'asar in an taso daga gona, malaminsu yaro ne da bai kai ƙaninsa ba amma "Malam" suke ce masa ba wasa. Abin da ya kai shi kuwa ba neman aiki ba ne, gyaɗa ce. Yana so in an ɗora buhunsa a sikeli ya karanta lambar da idonsa, in ya biya haraji ya san me aka rubuta a rasit, in wasiƙa ta zo daga kudu kada sai ya kai wa wani ya ji sirrin gidansa. Kuma ya iya ɗin, har takardar shaida aka ba shi.

Sai a 1959 NORLA ta rufe, kuɗin da ake kashewa ya fi na cinikin littattafan, aka mayar da kayanta kamfanin Gaskiya, jaridun lardunan nan suka ɓace ɗaya bayan ɗaya. Ba a yi wani hayaniya a kai ba don hankalin kowa na kan mulkin kai. Amma ni a ganina nan ne igiyar ta tsinke, domin daga ranar da aka auna karatun manya da ma'aunin riba sai ya zama karatun da ake ɗauka da muhimmanci shi ne na yara mai jarrabawa da kwali, na manya kuma ya koma kamar sadaka, in an samu dama a yi. Abin dariya ma littattafan da muka fara karatu da su a firamare sunayensu kaɗai darasi ne, Ka Koyi Karatu, Ka Ƙara Karatu, Ka Yi Ta Karatu. Mun riƙe na farko da na biyu, na ukun ne muka bari a aji.

An dai ci gaba da ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Shirin firamare kyauta ga kowa na 1976, wato UPE, ya cika azuzuwa da yara, Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980 har UNESCO ta ba ta lambar yabo. Amma ka lura da waɗanda suka riƙe karatunsu daga cikin ɗaliban wancan lokacin, matan aure ne da suka samu littattafan soyayya na kasuwar Kano suna haya suna musaya tsakaninsu, littattafan da 'yan boko ke yi wa kallon raini. Su sun samu abin karantawa, shi ke nan sirrin.

Kakana kam bai samu ba. Lokacin da na yi wayo takardar shaidarsa na nan cikin adaka a naɗe da leda tare da tsofaffin rasit na haraji, amma in wasiƙa ta zo ni yake kira, ya riƙe ta ya ɗan jujjuya ya gane harafi biyu uku, sai ya miƙo min ya ce "karanta mana ɗan boko, nawa ya gudu".