Joseph Plumb Martin

Joseph Plumb Martin (21 ga Nuwamba 1760 zuwa 2 ga Mayu 1850) tsohon soja ne ɗan Amurka da ya yi kusan shekara bakwai a yaƙin ƙwatar 'yancin ƙasarsa daga Birtaniya. Bai taɓa wuce muƙamin saje ba. An san shi ne saboda littafin da ya rubuta da tsufansa, wanda masana tarihi suke ɗauka a matsayin ɗaya daga cikin cikakkun shaidu kan rayuwar ƙaramin soja a wannan yaƙi.

Tasowarsa da shigarsa soja

An haife shi a garin Becket na Massachusetts. Mahaifinsa limamin coci ne, amma a hannun kakanninsa ya girma, a Milford da ke Connecticut. A watan Yunin 1776, yana ɗan shekara 15, ya shiga rundunar Connecticut na wa'adin wata shida. Ya iske lokacin da rundunar Janar George Washington take shan kashi a kewayen New York, ya halarci gumurzun Long Island da na White Plains, sannan ya koma gida a ƙarshen shekarar. A 1777 ya sake sa hannu, wannan karon a babbar rundunar ƙasa, bisa sharaɗin ba zai fita ba sai yaƙi ya ƙare.

Shekarun yunwa

A kakar 1777 ya yi yaƙi a Germantown, daga nan aka tura shi Fort Mifflin, wata ganuwa a kan tsibirin taɓo cikin kogin Delaware kusa da Philadelphia. Jiragen ruwa da igwogin Birtaniya sun yi ta ruwan wuta a kanta har ta rushe, mayaƙan suka janye da dare a tsakiyar Nuwamba. Ya shiga sansanin Valley Forge da hunturun shekarar, kuma a 28 ga Yunin 1778 yana filin yaƙin Monmouth, ranar da zafi kaɗai ya kashe sojoji a ɓangarorin biyu.

Sai dai abin da ya fi cika labarinsa shi ne yunwa. A ranar godiya da majalisar ƙasa ta ware a ƙarshen 1777, ya ce abin da aka ƙara wa kowane soja ɗan cikin hannu ne na shinkafa da cokali guda na ruwan tsami. Hunturun 1779 zuwa 1780 a Morristown ya fi muni. Ya ba da labarin kwana huɗu da ya yi bai sa komai a baki ba sai ɓawon itace, kuma ya ga abokan aikinsa suna gasa tsofaffin takalmansu suna ci. Albashi ba ya zuwa, in ma ya zo kuɗin takarda ne da darajarsa ta zube. A watan Mayun 1780 sojojin Connecticut, har da shi, suka yi bore suna neman abinci. Wanda ya karanta wannan sashe zai yi wuya ya ga laifinsu: mutanen da suka ɗauki bindiga don ƙasa ne, ƙasar kuma ta kasa ciyar da su, duk da haka mafi yawansu ba su gudu ba.

Yorktown

A 1780 aka mayar da shi rukunin masu haƙa ramukan yaƙi da fasa shingen abokan gaba, aka ba shi saje. Da wannan aiki ya je Yorktown ta Virginia a 1781, inda rundunar Amurka da ta Faransa suka yi wa Janar Cornwallis na Birtaniya ƙawanya. Daren 14 ga Oktoba yana cikin masu gatari da suka shige gaba don sare shingen itatuwa a ƙaramar ganuwa ta 10 ta sojojin Birtaniya, a harin da hafsan Amurka Alexander Hamilton ya jagoranta. Ranar 19 ga watan Cornwallis ya miƙa wuya. An sallami Martin a Yunin 1783.

Bayan yaƙi

Ya zauna a Prospect da ke Maine, ya auri Lucy Clewley a 1794, ya kama noma a fili mai eka 100. Filin ya faɗa cikin yankin da Henry Knox, tsohon kwamandan igwa na rundunar da Martin ya yi wa hidima, yake iƙirarin mallaka. Martin ya kasa biyan kuɗin da aka yanka masa, gonar ta kuɓuce. Ya yi shekaru yana magatakardan garin, amma talauci bai sake shi ba. Da majalisa ta yi dokar fansho a 1818 don tsofaffin sojoji mabuƙata, ya nema, aka riƙa ba shi dala 96 a shekara, shekara 35 bayan ya ajiye bindiga.

A 1830 aka buga littafinsa a garin Hallowell na Maine ba tare da sunansa a bango ba, kuma bai samu kasuwa ba. An sake buga shi a 1962, daga nan ya zama abin da masu nazarin yaƙin suke yawan komawa gare shi. Martin ya rasu a Maine yana da shekara 89.