Iyakar 'yancin faɗin albarkacin baki: wa ke shata ta, kuma a wace kotu?

A watan Oktoban 2022 gwamnatin Jihar Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai a Gusau, ciki har da NTA da Pride FM, bisa zargin sun ɗauko labarin wani taron siyasa na jam'iyyar PDP alhali gwamnati ta dakatar da irin waɗannan taruka saboda matsalar tsaro. Hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ce gwamnatin jiha ba ta da wannan hurumi, kuma cikin 'yan kwanaki aka janye umarnin tare da neman afuwa. Maganar ta mutu ba tare da mutane da yawa sun san abin da doka ta tanada ba.

Tushen batun shi ne sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin 1999, wanda ya ba kowane mutum 'yancin faɗin albarkacin bakinsa, da riƙe ra'ayi, da karɓar bayanai da isar da su ba tare da katsalandan ba. Ƙaramin sashe na 2 ya ba kowa damar kafa kafar yaɗa bayanai, amma ya keɓe rediyo da talabijin, inda ya ce in ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, sai wanda Shugaban Ƙasa ya ba izini. Tunda lasisin daga tarayya yake fitowa, gwamna ba shi da ikon ƙwace abin da ba shi ya bayar ba.

Sai dai ba a karanta sashe na 39 shi kaɗai, domin sashe na 45 ya halatta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaron ƙasa, ko amincin jama'a, ko zaman lafiya, ko tarbiyya, ko kiwon lafiya, ko kuma kare haƙƙin wasu. Nan ne masu mulki ke fakewa, kuma a jihar da 'yan bindiga suka addaba kalmar tsaro tana rufe bakin kusan kowa. Amma sashen ya gindaya sharuɗɗa biyu da ake yawan tsallakewa. Dole taƙaitawar ta kasance cikin doka, ba sanarwar kwamishina ko fushin mai mulki ba, kuma dole dokar ta kasance abin da hankali zai karɓa a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Wanda zai auna sharaɗi na biyu alƙali ne, ba wanda ya yi dokar ba. Ko katse layukan waya da hukumar NCC mai kula da harkar sadarwa ta umarta a Zamfara a watan Satumban 2021, wanda mutane da yawa suka goyi baya a lokacin, da wannan ma'auni ya kamata a gwada shi: wace doka ta ba da ikon, har tsawon wane lokaci, kuma shin babu hanya mafi sauƙi ga talaka?

To, wane alƙali? Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Benin tana da Kotun Tsarin Mulki ta musamman a ƙarƙashin kundinta na 1990, inda ɗan ƙasa ke iya kai ƙara kai tsaye, kuma Jamus da Afirka ta Kudu ma suna da irinta. Najeriya ba ta bi wannan hanya ba. Sashe na 1(3) ya ce duk dokar da ta ci karo da kundin ta ɓaci gwargwadon cin karon, sashe na 46 kuma ya ce wanda aka tauye wa haƙƙi, ko ake tauyewa, ko ake shirin tauyewa, ya nufi Babbar Kotu a jihar da abin ya faru. Ke nan ɗan jaridar Gusau ko matashin Talatar Mafara ba sai ya je Abuja ba. Idan bai gamsu ba ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, daga nan sai Kotun Ƙoli. Ƙa'idojin shigar da irin wannan ƙara na 2009 sun cire wa'adin lokaci, sun kuma buɗe ƙofa ga ƙungiyoyi su tsaya wa wanda ba shi da hali.

Kotunan sun taɓa nuna abin da wannan iko ke nufi. A 1983 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke Arthur Nwankwo, wanda aka yanke wa hukuncin ɗauri saboda rubutun da ya soki Gwamna Jim Nwobodo na tsohuwar Jihar Anambra, ta kuma ce dokar tunzura jama'a da aka gada daga Turawan mulkin mallaka ba ta dace da 'yantacciyar ƙasa ba. Kotun ta ce mai mulkin da ke ganin an ɓata masa suna sai ya je ya shigar da ƙara kamar kowa. A 2007, a shari'ar Sufeto Janar na 'Yan Sanda da jam'iyyar ANPP, kotun ta soke sharaɗin neman izinin 'yan sanda kafin a yi taro ko zanga-zangar lumana.

Inda suka yi sanyi, a ganina, shi ne kan sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015. Asalin sashen ya haramta aika saƙon ƙarya don jawo ɓacin rai ko takura ko cin fuska, kalmomin da kowane mai riƙe da muƙami zai iya miƙe su su rufe duk wata suka da aka yi masa a Facebook. Kotunan cikin gida, har da Kotun Ɗaukaka Ƙara, sun ƙi soke shi, sai Kotun ECOWAS ce a 2020 ta ce ya saɓa wa sashe na 9 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam. A watan Fabrairun 2024 aka yi masa gyara, ya koma kan saƙon batsa, da saƙon da mai aikawa ya san ƙarya ne amma ya aika don haddasa rushewar doka da oda ko barazana ga rai. Hukuncin yana iya kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ko duka biyun. Saboda haka takardar tuhumar da har yanzu ke dogaro da cewa saƙo ya ɓata wa wani babba rai tana tsaye ne a kan kalmomin da majalisa ta riga ta goge, kuma wannan ne abu na farko da lauya ya kamata ya duba.

Wannan ba lasisin ƙazafi ba ne. Ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na dokar Final Kod ta Arewa, kuma a Zamfara, wadda ta fara aiwatar da dokokin laifuka na Shari'ar Musulunci a shekarar 2000, Musulmin da ya jefi wani da zina ba tare da shaidu huɗu ba yana fuskantar haddin bulala 80. Waɗannan dokoki suna samun mafaka ne a ƙarƙashin kare haƙƙin wasu da sashe na 45 ya ambata, amma su ma, kamar kowace dokar majalisar jiha, ana iya ƙalubalantar su a Babbar Kotu idan aka yi amfani da su wajen hukunta sukar yadda ake tafiyar da mulki.