Manoma, ku daina binne kuɗin amfanin gona saboda tsoron haraji

Tun da aka fara maganar sabuwar dokar haraji, abu ɗaya nake ta gani a ƙauyukan da nake zagayawa, kuma wallahi ya ishe ni. Mutum ya sha wahalar damina, ya sayar da masara ko waken suya ko riɗi, sai ya ce shi ba ya karɓar tiransifa, a ƙirgo masa a hannu. Mai ɗan abin da ya tara a banki kuma ya je wurin mai POS ya kwashe shi kaf, ya biya ladan cirewa, ya kawo gida ya cusa cikin rumbu, ko ya ƙulle a leda ya binne a tukunya. In ka tambayi dalili sai ya ce, "Malam, an ce gwamnati za ta riƙa yankar kuɗi a asusu." Wa ya ce? An ce. A waya aka ji.

Na ga kuɗin da gara ta cinye. Na ga wanda gobarar hunturu ta lashe tare da ɗakin. Na ga wanda danshi ya manne shi har ba ya rabuwa. Mafi muni, a wannan zamani na 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, duk wanda aka ga ya cika buhu da kuɗi a kasuwa, labarinsa ya riga shi isa gida. Iyalinka kake sa wa a haɗari, ɗan'uwa.

Ba na cewa tsoron naku banza ne. Dattawanmu suna tuna harajin kai da jangali, yadda ake ɓoye shanu a daji in an ji masu ƙirga sun taho, har zuwa 1979 da Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke su. Mu ma mun gani da idonmu. Bayan zaɓen 2019 aka ɗaga harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari, ya fara aiki a Fabrairun 2020. Ranar 29 ga Mayun 2023, a wurin rantsuwa, Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Ranar 26 ga Yunin 2025 ya sa hannu a dokokin haraji huɗu, sabon tsarin ya fara aiki 1 ga Janairun 2026. A ƙudirin farko ma an nemi a riƙa ɗaga VAT sannu a hankali har ya kai kashi 15, majalisa ta bar shi a 7.5. Ga zaɓen 2027, duk wanda ya ci zai tarar da bashi jibge, zai nemi kuɗin shiga, kuma ina kyautata zaton maganar ƙarin VAT za ta sake tasowa.

To amma ku saurare ni da kyau. VAT a wurin saye ake biyansa. Ranar da ka tono kuɗinka ka je sayen kwanon rufi, ko siminti, ko katin waya, harajin yana cikin farashin. Binnewar me ta tsare maka? Ba komai. Ko sun ƙara shi gobe, a kanti zai same ka, ko kuɗin daga banki ya fito ko daga tukunya.

Harajin samu kuwa a kan riba yake, ba a kan kowane kuɗi da ya shiga asusu ba. Naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar ko kwabo a kansu. Kuɗin da ɗanka ya turo maka daga Legas na cefane ba riba ba ne. Kayan abinci na yau da kullum, magani, taki da iri, ba VAT a kansu. Harajin da ake cira a kan tiransifa shi ne Naira 50 in ta kai Naira 10,000 ko fiye. Naira hamsin! Saboda ita za ka ɗauko miliyan biyu a kan babur ka bi hanyar daji da magariba? Haba, Baba. Ladan mai POS kaɗai ya ninka ta sau nawa?

Kuma kun manta da canjin kuɗi na ƙarshen 2022 da farkon 2023? Su wa suka fi kuka? Masu tsofaffin takardu a ɗaki, waɗanda suka kwana a layin banki, wasu suka sayar da hatsi da dabbobi a wulaƙance. Kuɗin da ke bankin kasuwanci hukumar NDIC mai inshorar kuɗin ajiya ta tsaya masa har Naira miliyan 5 ko da bankin ya rushe, na ƙananan bankuna miliyan 2. Wanda gara ta ci, wa zai biya ka?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne lokacin rajistar rance ko tallafin taki. A tambayi shaidar shige da ficen kuɗi, manomin da ke cika mota da hatsi kowace kaka ba shi da abin nunawa, wanda bai san ƙotar fartanya ba ya zo ya karɓe. Sai a dawo ana cewa malamin gona bai sa sunanmu ba.

Don Allah ku yi waɗannan, ba su da wuya:

- In ka sayar, karɓi tiransifa, ka duba asusunka da kanka kafin a ɗaga buhu. Kada ka yarda da hoton da mai saye ya nuna maka a wayarsa.
- Bar na cefane da na 'yan ƙwadago kawai a gida.
- Sayi littafi, rubuta kuɗin taki, iri, feshi, haya da ƙwadago. In ba ka rubutu, ɗanka ya rubuta. Da shi ake gane riba.
- Lambar sirrinka da BVN, kada ka ba kowa a waya, ko ya ce daga ofishin haraji yake.
- Duk wanda ya tare ka a hanya ko a kasuwa da sunan sabon haraji, ya ba ka rasit mai sunan hukuma. In ya ƙi, ka kai maganar ga shugaban ƙungiyarku ko sarkin kasuwa a ranar.